Shafin da Malama Ta Manna

Ba shugaban ɗakin karatu ne ya sa ta ba, ba kuma iyayen yara ba. Malama ita ta ƙirƙiro wa kanta wannan aiki, kuma ko yau ka tambaye ta za ta ce maka da kyakkyawar niyya ta fara. Ba ƙarya ta yi ba.

Sashen yara take riƙe da shi, wani ɗaki mai taga biyu a can bayan ɗakin karatun unguwa, kusa da inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Akwai darduma shuɗiya da gwiwoyin yara suka cinye tsakiyarta, da ƴan kujeru gajeru, da kantoci cike da littattafan labarai na Larabci masu hotuna, waɗanda wata ƙungiya ta aiko a kwalaye tun kafin a ɗauke ta aiki. Littattafai ne masu kyau, wallahi, takarda mai kauri, launi kamar ka lasa. Sai dai yara ba sa zuwa. Yaron da ya san Larabci a matsayin hadda da bulala, wa zai ce masa akwai dariya a ciki ya yarda? Malama ta bi gida-gida tana roƙon iyaye, ta riƙa tsayawa a bakin makarantu lokacin tashi kamar mai talla, har ta samu ƴan tsiraru da suke zuwa da yamma su zauna ta karanta musu, ta fassara inda ya yi musu tsauri.

Ana cikin haka wata rana ta ɗauko labarin wata kurciya da maharbi ya harbe, ta bar ƴaƴanta a sheƙa. Ba ta duba ƙarshensa ba kafin ta fara. Wani yaro mai manyan kunnuwa, wanda kullum shi ke zama a gaba, ya yi kuka har da shessheƙa, har majina ta jiƙa masa gaban riga. Washegari sai ga ubansa a bakin ƙofa, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Karatu na aiko shi, Malama, ba zaman makoki ba."

Ya janye ɗansa. Bai tsaya nan ba, ya zuga maƙwabta su ma suka janye nasu. Dardumar da ta sha wahalar cikawa ta koma kamar an share.

Da ta tashi aiki ta jefa littafin a jaka ta tafi da shi gida. Mijinta mai fenti ne, shi ke rubuta allunan shaguna, ya zana kifi ga mai kifi, almakashi ga mai aski. Ta same shi a tsakar gida yana wanke buroshi. Ta buɗe masa shafin ƙarshe ta ce ya zana mata kurciyar nan da ɗaurin tsumma a fiffike, tana zaune cikin ƴaƴanta. Ya dubi hoton, ya dube ta, ya tuntsire da dariya.

"Malama, yau kuma gyaran ƙaddara za mu shiga? To, Allah ya yafe mana. Miƙo takarda."

Daga nan hannu ya faɗa. Duk littafin da zai hau kantocin sashen yara, sai Malama ta juya shi ta fara da shafin ƙarshe. In uwar ta mutu, ko jirgin ya nutse, ko kakan bai farka ba, sai jaka. Ta gano irin takardar da ta yi daidai da ta littattafan, ta gano in ta shafa mata ruwan shayi tsararo ta bari ta bushe, sai ta yi irin tsufan da ake so. Rubutunta na Larabci kuwa, in ba ka kusanto da ido ba, sai ka rantse inji ne ya buga. Shi ya zana, ita ta rubuta, ta zizara gam a gefe huɗu, ta ɗora a kan shafin asali, ta danne da dutsen guga mai ɗan ɗumi. Shi ke nan, an wuce wurin.

Kuma abin haushin, abin ya yi aiki! Yara suka dawo, suka jawo ƙannensu. Darduma ta cika har ana zama a ƙasa. Shugaba ya riƙa shigo da baƙi yana nuna musu sashen yara yana hura hanci, sai ka ce shi ya haife su. Ko bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, oho masa.

A cikin waɗannan littattafai ƴarsu tilo ta tashi. Tun tana rarrafe uwar ke zuwa da ita wurin aiki, ma'aikata suka sa mata Malama Ƙarama, daga baya aka yanke ya koma Ƙarama kawai. Yarinya ce marar hayaniya, mai karatu da yatsa a kan layi da harshe a gefen baki. Kafin ta kai shekara tara ta gama kantocin nan kaf, ta koma ta sake. Kuma a duk abin da ta karanta, ba ta taɓa cin karo da wanda ya tafi bai dawo ba. Mara lafiya yakan tashi, ɓatacce yakan ga gida, wanda ruwa ya ci yakan fito a ɗaya gaɓar yana tari yana dariya. Aikin manna kuwa ba a gabanta ake yi ba, sai ta tafi makaranta.

Babban jin daɗinta shi ne ta zauna a kan gwangwanin fenti tana karanta wa ubanta, shi yana aiki. Larabcinsa bai wuce na salla ba, don haka sai ta karanta layi ta fassara masa. Shi kuma mugu, ƙarshen da ya zana da hannunsa, sai ya riƙe baki yana salati.

"Kai! Ashe bai mutu ba? Ƙarama, kin tabbata kin karanta daidai?"

"Baba, ga hoton ma, duba!"

Tarin ya fara ne kamar wasa. Ya ce ƙura ce, ya ce warin fenti ne, ya ce tsufa ne ya zo gaisuwa. Sai tsani ya gagare shi hawa, sai buroshi ya yi masa nauyi, sai aka kwantar da shi a asibiti. Ƙarama ta je sau ɗaya a farko. Ta ga roba a hancinsa, warin magani ya tayar mata da zuciya, ta yi amai a bakin ƙofa. Daga ranar ta ce ita ba ta komawa, za ta jira shi a gida. Ta ma ware littafin da za ta karanta masa ran da ya dawo, labarin wani mai haƙa rijiya da ya kwanta ciwo, ɗansa ya riƙa bin rijiyoyin da uban ya haƙa yana ɗebo masa ruwa ko zai warke. A shafin ƙarshe ya sha ruwan rijiya ta ƙarshe, ya miƙe, ya ɗauki digarsa. Ta sa littafin a ƙarƙashin matashinta.

Kullum Malama ta dawo daga asibiti, tambaya ɗaya ce.

"Umma, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

Sauƙin nan kullum ƙaruwa yake a bakin Malama, mutum kuwa kullum ƙarewa yake a gado.

Ran da likita ya ja ta gefe, da hantsi ne. Ya ja labule tsakaninsu da gadon, ya rage murya. Ya ce huhun ya gama aiki. Ya ce nan ba da jimawa ba dole su sa masa injin numfashi, a zura masa roba ta maƙogwaro, kuma daga nan ba zai ƙara magana ba, kuma shi bai ga alamar za a cire ba. Ya ce in akwai wanda yake so ya gani, kar a jinkirta. Malama ta yi ta gyaɗa kai kamar ana ba ta saƙon kasuwa.

Da ta koma bakin gado, mijin ya buɗe ido. Magana yanzu sai ya tara mata numfashi, ya fitar da ita guntu-guntu.

"Malama."

"Na'am, Baban Ƙarama."

"Labule ba bango ba ne. Na ji."

Ta buɗe baki za ta ce likitoci ba su san gaibu ba. Ya ɗaga yatsa, yatsan da har yanzu akwai shuɗin fenti a gindin farcensa.

"Ina da magana da yarinyar nan. Ba doguwa ba ce. Amma ba zan yi ta da wadda take zaton jibi ina gida ba. Ki faɗa mata tukuna. Sannan ki kawo min ita." Ya huta. "Don Allah kar ki manna min shafi. Ni ba kurciya ba ce."

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.

Yayarsa ce ke jinyarsa tare da Malama, wadda Ƙarama ke kira Goggo, mace mai ƙiba da bakin da ba shi da birki. Ta biyo Malama har bakin matakala tana gyara mayafi.

"In ba za ki iya ba, ki ce min. Ni in je in faɗa mata. Kalma nawa ce? Ku dai masu karatu komai sai kun yi masa kwana-kwana."

"Zan faɗa mata, Yaya."

"Yaushe? Bayan an fito da shi?"

Malama ta san in ta bar Goggo, tsaye za ta faɗa wa yarinyar daga bakin ƙofa, da takalmi a ƙafa. Ta ce a bar mata, ƴarta ce.

Ta isa gida da kalmomin a jere a bakinta. Ƙarama ta tare ta, ta karɓi jaka, ta yi tambayarta ta kullum. Jama'a, sai ga "da sauƙi" ta fito da kanta, kamar atishawa. Malama ta tsaya a tsakar gida tana jin haushin kanta kamar ta mari bakinta. Matar da ta saba tsayawa gaban yara cike da ɗaki tana sarrafa murya yadda ta ga dama, ta kasa jimla ɗaya a gaban ƴarta. Ta sake gwadawa wajen cin abinci, ta ƙare da tambayar ko an wanke kayan makaranta.

Da gari ya waye ta yanke shawara. Tunda bakinta ya ci amanarta, bari littafi ya faɗa. Ba abin da yarinyar nan ta yarda da shi a duniya kamar abin da ta gani a rubuce.

"Yau ba makaranta. Ɗauko littafin mai haƙa rijiya, ki raka ni wurin aiki."

"Na Baba ne fa."

"Na sani. Ɗauko."

Da safe ba kowa a sashen yara. Malama ta rufe ƙofa, ta jona butar lantarkin da take dafa shayi, ta zauna tana jira ta tafasa. Ƙarama ta zauna a kan darduma tana kallon ta, littafin a ƙirji. Da tururi ya fara fita ta hancin butar, Malama ta miƙa hannu ta karɓa, ta buɗe shafin ƙarshe, ta kara gefensa a kan tururin.

"Umma, zai lalace!"

"Ba zai lalace ba."

Takardar ta fara lanƙwashewa. Ta sa bakin reza a kusurwa, ta bi a hankali. Shafin ya ɗago gaba ɗayansa, da mai haƙa rijiya da digarsa da murmushinsa. A ƙarƙashi ga wani shafi, launinsa sabo fil, don ba idon da ya taɓa shi tun ran da aka rufe shi. Yaron ne shi kaɗai a bakin rijiya, riƙe da guga, mutanen gari tsaye a bayansa.

"Karanta," in ji Malama.

Ƙarama ta ɗora yatsa a kan layi. Ta karanta Larabcin da ƙarfi yadda ta saba, ta fara fassarawa yadda take yi wa ubanta.

"Da yaron ya dawo da ruwan rijiya ta ƙarshe, sai ya tarar an…"

Ta tsaya. Ta koma farkon layin, wannan karon a zuci, leɓenta kawai ke motsi. Ta kai ƙarshen shafin. Ta dubi wanda aka ɓamɓare a kan tebur, ta dubi na cikin littafin.

"Wanne ne na gaskiya?"

"Na ƙasan."

"Wannan fa?"

"Ni na rubuta."

Ƙarama ta ɗauki shafin da aka cire, ta kai shi kusa da taga. Ta daɗe tana kallon fuskar mai haƙa rijiya, da irin shuɗin rigarsa, shuɗin da ke jikin rabin allunan titinsu.

"Baba ne ya zana."

"Shi ne."

Ƙarama ta ajiye shafin. Ta nufi kantar littattafai. Ta zaro littafi, ta murza shafin ƙarshe tsakanin babban yatsa da manuni, ta ji kaurinsa, ta ajiye a ƙasa. Ta zaro wani, wannan siriri ne, ta mayar. Ta zaro wani, ƙasa. Haka ta bi kantar nan, ba gaggawa, ba hawaye, tulin da ke ƙasa yana tashi. Malama na zaune, butar na ta tafasa a banza, ta kasa ko miƙa hannu ta cire ta.

"Kurciyar?" in ji Ƙarama, ba ta juyo ba.

"Ta mutu."

"Kakan mai lambu?"

"Bai farka ba."

"Ƴar da ruwa ya tafi da ita?"

"Ba a gan ta ba."

Yarinyar ta tsaya da wani littafi a hannu, ta daina murzawa. Ƙeyarta kawai Malama ke gani, da ƙullin ɗan kwalinta da ya karkace. A bayan ƙofa ana jin mai shara yana jan bokiti.

"Baba fa?"

To, an zo wurin. Malama ta riƙe gefen tebur, ta faɗa.

"Ba zai dawo gida ba, Ƙarama. Likita ya ce saura kaɗan."

Ta faɗa, wallahi ta faɗa, ba ta rage komai ba. Ƙarama ta juyo. Fuskarta ba ta fashe ba tukuna, amma haɓarta na rawa, idonta ya yi girma, kana gani ka san abu kaɗan ya rage.

"Shi ya sani? Yana jin tsoro?"

Da a ce Malama ta tsaya ta yi numfashi ɗaya, da shi ke nan. Amma shekara da shekaru tana ganin irin wannan fuska a kan dardumar nan, kuma duk ran da ta gan ta abu ɗaya take yi. Ta hango ƴarta tana tunanin ubanta kwance yana jiran mutuwa ido biyu, ta ji ba za ta iya ɗora mata wannan a kan wancan ba.

"Bai sani ba," in ji ta. "Ba ya jin tsoron komai. Jiya ma dariya yake."

Haɓar ta daina rawa. Ƙarama ta share hanci da bayan hannu, ta ɗauki shafin da aka ɓamɓare, ta mayar da shi inda yake a cikin littafin, ta daidaita gefunansa, ta rufe.

"To mu je," in ji ta.

A cikin tasi Malama ta so ta gyara. Ta ce a ranta in an wuce shataletale za ta faɗa, sai direba ya ɗauki wani fasinja ya zauna kusa da su yana waya da ƙarfi. Ta ce in sun sauka. Da suka sauka Ƙarama ta yi gaba da sauri, ta toshe hanci da gefen mayafi, ba ta yarda ta yi amai ba. Malama ta bi ta tana lallashin kanta cewa ba komai, ai babban an faɗa, in ya fara magana yarinyar za ta gane da kanta.

Sun tarar an ɗaga masa kan gado. Goggo ta goge masa fuska, ta sa masa hula, ta zauna a gefe da carbi. Da ya ga ƴarsa, idonsa ya kawo ruwa. Ya dubi Malama da tambaya, ta gyaɗa masa kai. Ya lumshe ido, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Baba, sannu! Ka ga har ka yi ƙiba," in ji Ƙarama, da wata murya mai haske da Malama ta gane nan take, don tata ce, ta gaban yara. "Na kawo maka labari. Da sai ka dawo zan karanta maka, amma na gaji da jira."

"Ƙarama… zo nan. Zauna."

Ta zauna a bakin gado, ta buɗe littafin a kan cinyarta. Ya ɗora hannu a kan nata, ya tara numfashi.

"Ina so… in gaya miki wani abu."

"Bari in karanta tukuna, Baba, gajere ne."

Ta fara. Layi na Larabci, layi na fassara, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya bar ta, yana kallon bakinta, ƙirjinsa na hawa da sauka. Rijiya ta farko, ta biyu, yaro da guga a rana. Malama na tsaye a ƙafar gado, gumi na bin bayanta. Da aka zo shafin ƙarshe, Ƙarama ta danne gefen takardar da babban yatsa don kar ta zame, ta juya masa littafin.

"Ya sha, ya miƙe, ya ɗauki digarsa. Ka gani? Ya warke sarai. Kai ma haka."

Ya dubi hoton da ya zana. Ya dubi ƴarsa. Murmushin da ke fuskarsa ya tsaya.

"Ƙarama, ni… ba zan…"

"Ka bari sai ka dawo gida ka gaya min, Baba. Kar ka gajiyar da kanka. Na ma share maka wurin aikinka, na jera gwangwanayen."

Sai ya juyo da ido kan Malama. Ba faɗa a cikin kallon nan, da faɗa ne ma da sauƙi. Kallon mutumin da ya roƙi abu ɗaya tak ne, aka gyaɗa masa kai, ya ga ba a yi ba.

"Baban Ƙarama," in ji Malama, muryarta na karyewa, "wallahi na faɗa mata, ta sa…"

"Umma!"

Yarinyar ta diro daga gado ta cafke wuyan hannun uwarta, farcenta ya shiga fata. Ta ɗago ta zare mata ido, tana girgiza kai ƙasa-ƙasa yadda shi ba zai gani ba. Sannan ta juya da murmushinta.

"Cewa take na san za a sallame ka. Ko ba haka ba, Umma?"

Ya yunƙura zai tashi zaune. Ya buɗe baki, ya kira sunanta rabi, tarin ya zo. Ba irin na kullum ba ne. Ya naɗe shi, ya jijjiga gadon, leɓensa ya canza launi, na'urar da ke gefen kansa ta ɗauki ƙara. Goggo ta yar da carbi ta fita da gudu tana kiran nas. Kafin ka ce me, ɗakin ya cika da fararen riguna, aka ja labule, wata ta sa hannu a kafaɗar Malama ta tura ta waje ita da yarinyar.

Goggo ta fito bayansu, mayafi a hannu, ido jajir. Ta matso har Malama na jin hucinta, ta yi magana ta tsakanin haƙora.

"Abu ɗaya ya roƙe ki. Ɗaya! Kin cuce shi."

Ta juya ta koma ta tsaya a jikin ƙofar, ta ba su baya.

Akwai wani dogon benci na ƙarfe a barandar. Suka zauna. Wasu ma'aikata biyu suka wuce su suna tura inji mai taya da robobi a naɗe a kansa, Goggo ta matsa musu, suka shiga da shi, ƙofar ta rufe. Malama ta bi shi da ido. Ta san mene ne, likita ya riga ya gaya mata. Maganar da mutumin nan ya yi ta tara wa numfashi, ko mece ce, tana can ciki tare da shi, ba mai jin ta kuma.

Sai yanzu Ƙarama ta saki. Ba kuka mai ƙara ba, jikinta ne kawai ya ɗauki ɓari tun daga kafaɗa har gwiwa, haƙoranta na haɗuwa, hawaye na zuba a kan bangon littafin. Ta jingina da uwarta, ta ɗago fuska.

"Sau biyu na kusa yin kuka, na danne," in ji ta. "Bai gane ba, ko? Umma, na yi daidai, ko?"

Malama ta dubi sawun farcen da ke wuyan hannunta, ta dubi ƙofar, ta dubi fuskar da ke jiran amsa. Ta jawo kan yarinyar ta kwantar a ƙirjinta, don kar ta ga idonta.

"Kin yi daidai," in ji ta.